Talaka Ya Ce Lafiya Lau, Sai Muka Yarda

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da aka yi a gabana wurin zaman makoki a nan Maraɗi, kuma har yanzu ta ƙi fita daga raina. Mamacin kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shekara kusan talatin yana dako a kasuwa. Muna zaune bisa tabarmi ranar addu'ar uku, sai wani dattijo cikin masu zuwa gaisuwa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya daɗe da yin ritaya, ya girgiza kai ya ce: "Ikon Allah! Mutum kamar ƙarfe. Ai irinsu ba su ciwo. Mu da muka ƙare rayuwarmu a ofis mu ne kullum cikin shan magani, ga tansiyo ga ciwon suga. Shi talaka Allah ya ba shi lafiya, ka tambaye shi ka ji, kullum lafiya lau." Jama'a suka amsa da "ƙwarai kuwa, Alhaji." Ni ma na yi shiru, domin wurin makoki ba wurin gardama ba ne, kuma dattijon ya girmi mahaifina. To amma shirun nan ya tsaya mini a wuya, shi ne nake son in amayar da shi a nan.

Na san yabo dattijon ya yi nufi. Sai dai maganar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ana yin ta a fada wurin shan shayi, ana yin ta a ofisoshi, na sha jin ta har a bakin waɗanda suka yi karatu mai zurfi. Wai hawan jini ciwon manya ne, wai damuwa ta masu lissafin dukiya ce, wai mai aikin ƙarfi jikinsa ya saba. Ni kuwa ina cewa wannan magana ƙarya ce, kuma abin da ya hana ta mutuwa shi ne tana yi wa mai cin moriyar ƙarfin talaka daɗi. Muddin mun yarda ɗan dako ƙarfe ne, babu wanda zai tsaya tambayar nauyin buhun da aka ɗora masa.

Bari in faɗa muku abin da ke ƙunshe cikin "lafiya lau" ɗin kawu, tunda a gidansa na zauna shekara huɗu ina karatu, na ga abin da masu gaisawa da shi a hanya ba su gani ba. Kafin ya fita da asuba sai ya naɗe ƙugunsa tamau da wani tsohon rawani, kamar mai ɗaure ƙwaryar da ta tsage. Sai ya haɗiye ƙwayoyi biyu ko uku da ya saya wurin masu tallan magani a faranti, waɗanda daga shi har mai sayarwar babu wanda ya san sunansu, da launi ake gane su, wannan na ciwon baya, wancan na ƙarin ƙarfi. A shekarunsa na ƙarshe a zaune yake sallar isha'i domin gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Yakan dafe ƙeya ya ce rana ce ta buge shi. Ranar da ba a sauke kaya da yawa a kasuwa ba, sai ka ji shi yana juyi bisa shimfiɗa har kiran farko. Duk da haka in ka tare shi a ƙofar gida ka ce ina kwana, "lafiya lau" zai ce maka. Ka ce ina gajiya, ya ce "babu gajiya."

Wata rana, lokacin ina sabon malamin makaranta, na zauna kusa da shi bayan magariba na ce: "Kawu, tsakani da Allah, yaya jikin naka?" Ya yi dariya ya ce: "Mushe, jikin ɗan dako ai ba a tambayarsa. In ka tambaye shi zai ba ka amsa, in kuwa ya ba ka amsa to yara ba su ci tuwo ba." Na yi dariya tare da shi, na bar maganar, kuma wannan na cikin abubuwan da nake nadama. Ba a taɓa auna jininsa ba sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi da buhu a kafaɗa. A asibiti aka ce jinin ya daɗe da hawa. Ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi wata biyu a kwance, Allah ya karɓi abinsa. Wannan shi ne ƙarfen da aka yaba ranar addu'ar uku.

Yanzu mu bar gidan kawu mu duba abin da masu binciken lafiyar jama'a suka gano, don kada a ce ɓacin rai ne kawai ke magana. Waɗannan masana suna da wata tambaya guda da suke yi wa manya a ƙasashe da yawa, wato a taƙaice yaya kai da kanka kake ganin lafiyarka, tana da kyau ƙwarai, tana da kyau, tsaka-tsaki ce, ko kuwa ba ta da kyau. Tambayar kamar ta wasa, amma a shekarar 1997 wasu masana biyu, Ellen Idler da Yael Benyamini, suka tattara bincike 27 da aka yi a wurare daban-daban, suka ga cewa a kusan dukkansu mutanen da suka ce lafiyarsu ba ta da kyau sun fi saurin mutuwa a shekarun da suka biyo baya, ko da an yi la'akari da cututtukan da aka riga aka san suna da su. Hausawa sun riga su faɗa, jiki magayi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wani lokaci tun kafin na'urar likita ta gani. Abu na biyu da ake ta gani a irin waɗannan bincike shi ne amsar ba ta faɗowa kan mutane barkatai. Wanda karatunsa ya yi ƙasa, wanda abin hannunsa ya yi kaɗan, wanda aikinsa ba shi da tabbas da wanda ya rasa aikin gaba ɗaya, su suka fi cewa jikinsu ba daɗi.

Misalin da ya fi kowanne rusa maganar dattijonmu daga Ingila ya fito. A shekarar 1967 aka fara bin diddigin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a birnin Landan, binciken da aka sani da sunan Whitehall, wato titin da manyan ma'aikatun suke. Wani likita mai suna Michael Marmot, wanda daga baya ya yi suna a wannan fanni, yana cikin waɗanda suka yi nazarin sakamakon. A wancan zamani mutanen Ingila ma irin tunanin dattijonmu gare su, cewa ciwon zuciya na manyan shugabanni ne masu ɗaukar nauyin yanke shawara. Da aka shekara goma aka ƙirga waɗanda suka mutu, sai aka ga akasin haka. Ma'aikatan da ke can ƙasa, irin su masinja da masu tsaron ƙofa, yawan mutuwa a cikinsu ya ninka na manyan jami'ai kusan sau uku. Kuma abin tsani ne, kowane mataki ya fi wanda ke samansa mutuwa, har na biyu daga sama bai kai na ƙoli tsawon rai ba. Ka lura, ya kai mai karatu, duk waɗannan mutane suna da aiki, babu mai kwana da yunwa a cikinsu, kuma tun 1948 Ingila ke duba marasa lafiyarta kyauta. An duba shan taba da ƙiba da hawan jini da sauransu, aka ga duk a haɗe ba su bayyana ko rabin bambancin ba a wannan bincike na farko.

Da aka sake wani zagaye daga 1985, wannan karon maza da mata fiye da 10,000, sai aka mai da hankali kan yanayin aikin kansa. Na ƙasa su suka fi cewa lafiyarsu ba ta da kyau, su suka fi kwanciya jinya, kuma aka ga rashin iko da yadda mutum zai gudanar da aikinsa yana tafiya tare da ciwon zuciya. Wani masani, Robert Karasek, ya riga ya yi bayanin haka tun 1979: aikin da ya fi cin mutum shi ne wanda ake buƙatar abu mai yawa daga gare ka alhali ba ka da ta cewa a ciki. Babban jami'i yana da aiki tuli, amma shi ke zaɓen wanda zai fara, shi ke rufe ƙofa in ya gaji. Na ƙasa kuwa sai abin da aka ce, a lokacin da aka ce. Wani masanin kuma, Johannes Siegrist, ya ƙara da cewa akwai ciwon da ke fitowa daga zuba ƙoƙari mai yawa a sami sakamako kaɗan, ko na kuɗi, ko na mutunci, ko na tabbacin gobe. Mu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, muna da sunansa tun kaka da kakanni: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To in haka ta faru ga masinjan Landan mai albashi kowane ƙarshen wata da asibiti kyauta, me za mu ce game da namu?

Mu fara da ɗan dako. Buhun gero ko na masara a kasuwanninmu da kilo 100 ake lissafinsa. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Ke nan kawu ya shekara talatin yana ɗaukar kusan ninki biyu na wannan, sau da yawa a yini, yana hawa katako da shi zuwa bisa babbar mota, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ba shi ke yanke farashin buhu ba, ba shi ke cewa a dakata rana ta yi sanyi ba, in ya tsaya shan iska ga samari goma a bayansa suna jiran buhun. Ƙwayoyin kashe zafin ciwo da yake haɗiya kullum kuwa, irinsu da yawa in an daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna ƙara hawan jini. Aikin ya kawo ciwon, ciwon ya kawo ƙwayar, ƙwayar ta kawo wani ciwon.

Ga ɗan kabu-kabu da babur ɗin ba nasa ba. Kowace yamma akwai kuɗin da zai kai wa mai babur, an samu ko ba a samu ba, sai ya cika wannan ya sayi mai sannan ya fara neman na tuwo. Yini guda yana shaƙar ƙura da hayaƙi, idonsa a kan hanya, zuciyarsa a kan lissafi. Muna zagin waɗanda suka faɗa shan tramol a cikinsu, kuma shan tramol bala'i ne babu shakka, amma kafin zagin ya kamata mu tambayi abin da ya sa ƙwayar ta fi samun kasuwa wurin masu aikin da jiki ba ya iya ɗauka.

Ga mai gadi da ke kwana a ƙofar gidanmu daga magariba zuwa safiya, kwana bakwai a mako. Ku lissafa, awa 12 sau bakwai, awa 84 ke nan, alhali dokar aiki ta ƙasarmu awa 40 ta ɗauka a matsayin ma'aunin mako. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon aikin awa 55 ko fiye a mako. Sun ce irin wannan dogon aiki yana ƙara haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin ɗari in an gwada da mai yin awa 35 zuwa 40. Mai gadinmu ya wuce wannan layi da kusan awa 30. Mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne tun farkon 2024, amma mu tambayi kanmu masu gadi nawa muka sani da ke karɓar haka. Doka tana bin wanda ke da takardar aiki, ita kuwa Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙiyasta a 2018 cewa kusan kashi 86 cikin ɗari na masu aiki a Afirka ba su cikin tsarin da doka ke gani.

Ga mata, waɗanda aikinsu ma ba a kiransa aiki. Ta tashi kafin kowa, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta nemo itace, ta durƙusa gaban murhu hayaƙi na shiga ƙirjinta, goyo a baya, wataƙila wani cikin a gaba, sannan ta soya ƙosai ko ta dama fura ta sayarwa. In an tambayi mijinta sana'arta sai ya ce ba ta aiki, zaman gida take. Ciwon baya da jiri da ta kwana da su shekara goma, da ita da maƙwabtanta duk sun ɗauke su kayan zama mace.

Ni kaina na ɗanɗana nawa, ko da yake ban taɓa ɗaukar buhu ba. Na yi shekaru ina ɗan kwantaragi a wata makarantar ƙauye, yara fiye da tamanin cikin rumfar zana. Alli bai kai buhu nauyi ba, amma akwai lokutan da wata zai ƙare, wani ya bi bayansa, kuɗin bai fito ba. Na san yadda ake canza hanya don kada a bi ta gaban mai shago. Na san yadda mutum ke kwana ido biyu yana lissafin wanda bai ci bashinsa ba tukuna. A waɗannan watanni kaina ba ya rabuwa da ciwo, cikina kullum kamar an hura wuta, na je likita aka auna ba a ga wani abu ba. Da aka ɗauke ni aiki na dindindin, aji bai ragu ba, rumfa ba ta canza ba, amma cikin 'yan watanni ciwon kan ya tafi. Abin da ya canza kawai shi ne na san ranar da za a biya ni, na kuma san ba za a sallame ni da baki ba.

A nan mai gardama zai ce: to in duk haka ne, me ya sa talakan namu yake cewa lafiya lau? Ai kai ka ce jiki magayi. Tambaya ce mai kyau, kuma wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya sami kyautar Nobel a 1998, ya yi rubutu a kanta a 2002. Ya kwatanta jihohi biyu na ƙasarsu. Kerala ta fi kowace jiha yawan masu karatu da tsawon rai, amma mutanenta su suka fi ba da rahoton rashin lafiya. Bihar kuwa, inda talauci ya yi katutu kuma rai ya fi gajarta, mutanenta kaɗan ne ke cewa ba su da lafiya. Wanda ya taso inda kowa ke ciwo kuma babu likita kusa, ciwon yakan zame masa kamar yanayin gari, ba ya ƙirga shi cikin abin da za a faɗa. Ke nan akwai wuraren da shirun mutane ke nuna zurfin matsalar.

Mu kuma muna da namu dalilai a kan wannan. Tarbiyyarmu ta hana kai ƙara, mun taso a kan cewa mai yawan kukan jiki raggo ne ko marar godiya. Ku tuna, a harshenmu ko wanda ke gargarar mutuwa in an ce yaya jiki, "da sauƙi" ake amsawa. Sannan ma'aunin ciwo wurin mai neman na yau shi ne kasa tashi, duk abin da bai kayar da shi ba gajiya ce. Na uku kuma shi ne wanda kawu ya faɗa mini da dariya: amsa cewa ba ka da lafiya kuɗi ne. Yinin da za ka yi a layin asibiti yini ne da ba a samu ba, ga kuɗin ganin likita, ga takardar magani da za a miƙo maka. Tun 2006 aka yafe kuɗin jinya ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma an yi abin kirki, amma uban da ke ciyar da yaran nan shi ke biyan nasa. Saboda haka ɗan dakonmu ya fi masinjan Landan shan wuya ta fuska biyu, ciwonsa ya fi yawa, bakinsa kuma ya fi rufuwa.

Wani zai ce ai masu hali ma suna ciwo. Haka ne, kuma ba na yi wa kowa fatan ciwo. Amma mu koma kan dattijon makoki. Ya san yana da tansiyo domin an auna shi. Ya san yana da ciwon suga domin yana da inda ake duba jininsa da kuɗin sayen magani kowane wata. Ciwonsa yana da suna, na kawu ba shi da suna sai ranar da ya kayar da shi. Dattijon ya haura saba'in, ya zo da ƙafarsa gaisuwar mutuwar wanda ya girma da shekara kusan goma sha biyar, yana zaune yana cewa mamacin ya fi shi lafiya. Ina roƙon mai karatu ya sake duba wannan hoto da kyau.

Wani kuma zai ce laifin mutane ne, ba su kula da kansu. Irin wannan muke ji a rediyo: ku ci kayan marmari, ku rage gishiri, ku yi barci awa takwas, ku motsa jiki, ku rage tunani. Shawarwari ne na gaskiya, ban musa ba, rigakafi ya fi magani. Amma wa ake faɗa wa? Ɗan dako za a ce wa ya motsa jiki? Mai gadi za a ce wa ya yi barcin dare? Wanda aka riƙe wa kuɗinsa wata biyu za a ce wa ya rage tunani? Ko shan taba da cin abin da aka samu, ai su ma suna bin yanayin da mutum yake ciki. A 2008 wani kwamiti na Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarƙashin Marmot ɗin nan, ya kammala aikin shekara uku da cewa yanayin da aka haifi mutum a ciki, ya girma, ya yi aiki, ya tsufa, shi ne tushen bambancin lafiya tsakanin mutane. Wa'azin kayan marmari yana da sauƙi domin ba ya ɓata wa kowa rai. Maganar nauyin buhu da ranar biya ita ce ke taɓa aljihun wani, shi ya sa ba a cika jin ta ba.

Sai kuma masu cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri. Ajali na hannun Allah, babu mai ja da wannan. Amma na lura mai faɗin haka game da ɗan dako, in nasa kan ya sara, a ranar zai nemi likita, in ta kama ya tafi Yamai, in ta kama ya hau jirgi. Bai taɓa cewa ƙaddara ce ya zauna ba, kuma daidai ya yi. Haƙuri ado ne ga wanda abu ya sama. Wanda ya ɗora kayan ba shi ya kamata ya riƙa rubuta wa mai ɗauka haƙuri kamar takardar magani ba.

Kada kuma mu 'yan tsakiya mu wanke hannunmu mu ce laifin manya ne kaɗai. Mu ne ke tsayawa ciniki da ɗan dako a kan dala ashirin bayan mun sayi kayan jika talatin. Mu ne ke da yarinyar aiki da ke tashi kafin 'ya'yanmu ta kwanta bayansu, ba ta da ranar hutu, in ta ce kanta na ciwo mu ce lalaci ne. Mu ne ke ce wa mai gadi ya dakata sai mako mai zuwa. Kowannenmu babban jami'in wani ne.

Abin da nake kira gare shi ba ya buƙatar jiran wata ƙasa ta kawo taimako. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa suna iya yarjejeniya a koma buhun kilo 50, kamar yadda siminti ke zuwa, ko kuwa buhu babba mutum biyu su ɗauka. Rumfa da randar ruwa a inda ake lodi ba su fi ƙarfin kowace kasuwa ba. Na'urar auna hawan jini ba ta kai kuɗin wayar da ke hannun da yawanmu ba, ma'aikacin lafiya guda da zai zauna a tasha ko bakin kasuwa rana ɗaya a mako zai kama irin ciwon kawu shekaru kafin ya kayar da mutum. Masu aikin ƙarfi su kafa asusun jinya a tsakaninsu, kuma ba sai sun je nesa neman misali ba, Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maraɗi aka fara su a 1991, tsarinsu na tara kuɗi da taimakon juna har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Duk wanda ke da ma'aikaci, gwamnati ce ko ɗan kasuwa ko maigida, ya biya a ranar da ya yi alkawari, ya ba da yini guda na hutu a mako, ya bar mutum ya sami ta cewa a kan yadda zai yi aikinsa. Likitoci da masu jinya kuma, in mutum ya zo da ciwon kai ko na baya, a tambaye shi sana'arsa da awa nawa yake yi, kafin a miƙa masa takarda.

Ban ce mu daina gaisuwarmu ba. "Lafiya lau" kalma ce ta ladabi da godiya, ni ma ita nake amsawa kowace safiya, kuma ita zan koya wa 'ya'yana. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki gaisuwa a mai da ita shaidar likita, a kafa hujja da ita cewa talaka ba ya ciwo. In mai yi maka aiki ya ce lafiya lau, ka amsa masa, sannan ka zauna ka sake tambayarsa a hankali, tsakani da Allah yaya jikin. In ya yi dariya ya kawar da maganar kamar yadda kawu ya yi mini, kada ka yi irin tawa ka bi shi da dariya. Ka kai shi a auna jininsa, ka biya masa kuɗin yinin da ya rasa.

Allah ya jiƙan kawu da rahama, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, waɗanda suka faɗa da waɗanda suka yi shiru.